Foti ya kumbura bayan fenti: yadda ake shirya ƙarfen mota kafin a shafa shi

"Assalamu alaikum, maigida. Ni mai koyon gyaran bodin mota ne, ban daɗe da fara karɓar aiki da kaina ba. Na gyara ƙofar baya ta wata mota da aka buga, ƙasan ƙofar kuma akwai tsatsa. Na fito da lotsawar iya ƙoƙarina, na goge tsatsar da burushin waya, na shafa foti (abin cike lotsawa), na yi firaima (shafin ƙasan fenti), aka fesa fenti, aiki ya fito sumul. Bayan wata huɗu sai ga mai motar ya dawo: ƙasan ƙofar ya yi bororo, wajen lotsawar ya tsage, in rana ta haska kuma ana ganin zagayen inda fotin ya tsaya. Wani ya ce fotin ne jabu. Wani ya ce laifina ne da na shafa a kan tsurar ƙarfe ban fara sa firaima ba. Wani kuma ya ce da na sa firaimar da abin ya fi haka lalacewa. Wanne ne gaskiya, kuma yaya ake shirya ƙarfe kafin foti?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Madalla da ka tsaya tambaya, ba ka sake lafta wani fotin a kan na da ka sallami mai mota ba. Da yawa haka suke yi, bayan 'yan watanni motar ta sake dawowa, ko kuma ta wuce wajen wani.

Tambayar taka a dunƙule take, amma in an warware ta ciwo uku ka lissafa, kowanne da sanadinsa. Bororon ƙasan ƙofa aikin tsatsa ne da danshi. Tsagewar da ke wajen lotsawa tana nuna ko dai fotin ya yi kauri, ko ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yana motsi, ko duka biyun. Zagayen da rana take tonawa kuwa daga guga yake, da yadda aka haɗa bakin tsohon fenti da sabon aiki. Zancen jabun foti shi ne na ƙarshe da zan duba. Gaskiya ne foti yana tsufa a gwangwani, hadina ma, wato maganin da ake haɗa masa domin ya taurara, tana lalacewa in ta daɗe cikin zafi, amma lalataccen foti tun ranar shafawa yake nuna halinsa: ya ƙi taurara, ya riƙa cushe sanfefa. Wanda ya taurara, ya gogu lafiya, ya karɓi fenti, sannan ya tashi bayan watanni, abin da ke ƙarƙashinsa ne ya ture shi. Mutum biyun da suka yi maka maganar firaima kuwa kowannensu ya kama gefe ɗaya na gaskiya, zan zo kansu.

Abin da foti yake iyawa

Kafin a samu fotin da muke aiki da shi yau, da dalma ake cike lotsawar mota. Ana haɗa ta da kuza, wajen kashi 70 dalma kashi 30 kuza, a tausasa da wuta, a baza da ɗan katako da aka shafa wa kitse. Aiki ne mai ƙarko, sai dai yana cin lokaci, yana son ƙwararren hannu, ga ƙurar dalma guba ce. A shekarar 1955 aka fito da fotin Bondo a Amurka, daga nan irinsa ya karɓe sana'ar.

Abin da ke cikin gwangwanin wata roba ce mai danƙo da ake kira foliyesta, an tsinka ta da sinadarin sitairin, wanda shi ne warin nan da ke bugun hanci in an buɗe murfi, sannan aka cakuɗa da hodar dutsen talk domin ya yi jiki ya kuma gogu. Foti ba iska ce take busar da shi ba. Hadina ce take tayar da aikin sinadaran har su ƙulle, shi ya sa in ka ɗora hannu a kai yana cikin taurara za ka ji ɗumi.

Daga wannan haɗin halayensa suke fitowa. Yana kama ƙarfe ne ta ƙananan kurjin da sanfefa ta bari, don haka ƙarfe mai santsi, ko mai maiƙo, ko mai ƙura, ba ya ba shi wajen riƙewa. Yana shan ruwa, saboda hodar da ke cikinsa da ƙananan ƙofofin da ke jikinsa, kuma in ya sha yana riƙewa ya kwantar da danshin a kan ƙarfe. Sannan ba ya lanƙwasuwa tare da ƙarfe in ya yi kauri. Ƙarfen ƙofar mota bai cika kai milimita 1 ba, galibi tsakanin 0.7 da 0.9 yake. Rana ta gasa shi ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, a buga ƙofa ya girgiza, foti kuma ba daidai da ƙarfe yake buɗewa da tsukewa ba. Siririn shafi yana bin ƙarfen duk inda ya yi, amma dunƙule mai kaurin yatsa sai ya dare. Masu yin foti yawanci suna sa iyaka a wajen milimita 6 bayan an goge. Ni a aikina ba na son ya wuce 3, kuma mafi yawan wurin ya kamata ya gaza haka nesa. Foti kamar yaɓe yake a jikin bango: yana daidaita fuska, amma ba shi yake riƙe ginin ba.

Ƙarfe tukuna

Mataki na farko ba sanfefa ba ne, wanki ne. Wanke wurin da sabulu da ruwa, ya bushe, sannan ka bi da ruwan da ke cire maiƙo da kaki, wanda aka yi domin fentin mota. Tsumma biyu: ɗaya ya jiƙa, ɗaya ya kwashe kafin ruwan ya tsane. In ka fara guga ba ka yi wannan ba, man ƙyalli da maiƙon hanya da ke saman fenti sanfefa za ta tura su cikin kurjin ƙarfe, inda ba su fita da sauƙi. Kada ka sa fetur a madadinsa, yana barin nasa maiƙon.

Sai fito da lotsawa. A nan rabin matsalarka take. Ka ce ka fito da ita iya ƙoƙarinka, ni kuma tambayata ita ce, da ka gama ka danna tsakiyar wurin da babban yatsa? Ƙarfen da aka buga ba lotsewa kawai yake yi ba, miƙewa yake yi, ya fi gurbinsa faɗi. Irin wannan in ka danna sai ya faɗa ciki da ƙara, ka saki ya dawo. Duk fotin da aka ɗora a kansa zai tsage, komai kyansa, domin duk rufe ƙofa ɗaya wurin sai ya motsa. Maganinsa a tsuke ƙarfen: a ɗumama ɗan ƙaramin ɗigo a tsakiyar inda ya miƙe, a daddaka gefensa a hankali da guduma ana tokare da ƙarfe ta baya, a sanyaya, a sake gwadawa. Ɗigo ɗaya ko biyu sukan isa. Ƙarfen motocin yanzu siriri ne, wutar gas tana saurin murɗe shi, don haka in kana da injin walda ƙusoshin jawo lotsawa, bakinsa na ɗumamawa ya fi aminci.

Wajen bugu, daga gefen lotsawa ake farawa a nufi tsakiya, domin tudun da ya kewaye ramin shi yake riƙe da shi. Bugu ƙanana masu yawa sun fi manya kaɗan, babban bugu ƙara miƙe ƙarfen yake yi. Ido yana yaudara a kan tsurar ƙarfe, tafin hannu ba ya yi. Shimfiɗa hannunka gaba ɗaya a kan siririn ƙyalle ka ja shi a tsawon ƙofar, za ka ji tudu da kwari. Kwari mara zurfi foti zai cike. Tudu kuwa ba shi da magani sai guduma, domin in ka bar shi dole ka ɗaga duk kewayensa da foti har ya kai tsayinsa, nan ne kaurin yake shigowa. Inda hannu ba ya kaiwa ta baya, a walda ƙusa a jawo. Huda ƙofa domin a sa ƙugiya a ja tsohuwar hanya ce da ba na so, in kuwa an riga an huda, to da walda ake toshe hujin, ba da foti ba.

Yanzu tsatsa, wadda nake ganin ita ce ta haifi bororon nan. Burushin waya ba ya cire tsatsa. Yana kakkaɓe ta sama mai garin nan, ta ƙasa kuma ya goge ta har ta yi baƙi tana sheƙi, mutum ya ɗauka ƙarfe ne. Tana nan da ranta. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da dama, shi ya sa in ta ci gaba a ƙarƙashin foti take ɗaga shi har da fentin.

Ƙasan ƙofa yana da nasa labarin daban. Ruwan sama da na wanki suna bi ta gefen gilas su shiga cikin ƙofa, haka aka ƙera ta, shi ya sa aka yi mata ƙananan hujin fitar ruwa a ƙasa. In laka ta toshe su, ruwa ya kwanta a cikin ninkin da ya haɗa fatar ƙofar da firam ɗinta, tsatsa ta fara daga ciki tana fitowa. Abin da ka gani a waje ƙarshen aikinta ne, ba farkonsa ba. Da ka goge waje ka shafa foti, akwai yiwuwar ƙarfen ya riga ya yi ƙananan huji da ido bai kama ba, fotin ya riƙa tsotsar ruwa ta baya. Fenti yana tsare gaba, baya a buɗe.

Ga yadda nake rarrabe ta. In tsatsar a sama take kawai, sanfefa mai lamba 80, wato mai kaushi (in lambar ta ƙaru, laushinta yana ƙaruwa), za ta kai ka ga ƙarfe fari tas. In ta yi ramuka, sanfefa tana tsallake su, ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a cikin farin. Waɗannan sai feshin yashi, ko ruwan cin tsatsa mai asid ɗin fosforik, a bi shi da burushi har ramin ya yi fari. Wanda ya yi aiki da wannan ruwa dole ya wanke ragowarsa kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ya busar, ya sake bi da sanfefa, domin foti ba ya kama wurin da asid ya bar gari. Magungunan da ake shafawa su mayar da tsatsa baƙa, ba na ɗora foti a kansu. In kuwa ka danna bakin sukudireba ƙarfen ya lotsa ko ya huje, magana ta ƙare: a yanke har inda ƙarfe mai lafiya yake, a walda sabo mai kauri irin nasa. Ana yin waldar ɗigo-ɗigo ne, nan ɗaya can ɗaya, ana barin wurin ya huce, don kada zafi ya murɗe fatar. In ka goge waldar, sa tocila ta baya ka duba ta gaba. Duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai ɓullo. Wanda ya yi waldar tagulla da gas ya kula da farin garin da take bari a gefe, in ba a kankare shi ƙarƙaf ba yana tayar da foti da fenti.

Da an gama wannan sai a buɗe wa foti fili. Cire fenti har tsurar ƙarfe da lamba 80, ka wuce bakin lotsawar da santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe, domin foti ya ƙare a kan ƙarfe, kada ya hau fenti. Injin gurza mai gudu a yi hattara da shi. In ƙarfe ya fara yin shuɗi, to ka riga ka ƙona shi, kana kuma rage masa kaurin da da ma ba shi da yawa. Bakin tsohon fenti kada a bar shi da gaɓa. A sassabe shi da 120, sannan 180, sannan 240, har ka ga sahun fentin a jere, na ƙyalli, mai launi, firaimar kamfani, kowanne ya buɗe kamar faɗin yatsa, in ka shafa ido a rufe ba ka jin inda ɗaya ya ƙare. Gaɓar da aka bari a nan ita ce take fitowa daga baya a matsayin zagaye.

Hure ƙurar da iska busasshiya, wato ka tabbata ka zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa. Daga nan kada tafin hannu ya sake taɓa wurin, gumi yana da gishiri da maiƙo. Kada kuma ƙarfen ya kwana a buɗe. Cikin iska mai danshi sa'o'i kaɗan sun isa ya fara yin ruwan ƙasa-ƙasa. Da sassafe in ƙarfe ya yi sanyi, raɓar da ido ba ya gani tana kwanciya a kansa, sai a ɗan ɗumama shi ko a jira hantsi.

Duba kuma irin ƙarfen. Motoci da yawa na yanzu an lulluɓe ƙarfensu da tutiya don kare tsatsa, wasu kuma murfin inji ko ƙofofinsu na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama su. Ba kowane foti ne yake riƙe waɗannan ba, a jikin gwangwani ake rubutawa. Sanfefar da ta goge baƙin ƙarfe kada ta taɓa alminiyam, ɓurɓushin da za ta bari yana cin sa.

Rigimar firaima

Abin da ya raba masu ba ka shawara shi ne kowa da irin firaimar da yake nufi. Akwai mai asid, wadda ake fesawa siririya ta ciji tsurar ƙarfe. Foti ba ya hawa kanta, asid ɗin yana hana ƙasan fotin ƙullewa yadda ya kamata, ya zauna a kai ba riƙo. Akwai ta gwangwani ɗaya da ba a haɗa ta da hadina, wadda tina, ruwan tsinka fenti, ke narkarwa. Ita ma sinadarin foti yana tausasa ta, kuma riƙonta da ƙarfe bai kai na fotin kansa ba. Wanda ya ce da ka sa firaima da abin ya fi lalacewa, in waɗannan yake nufi, ya yi gaskiya.

Ta uku ita ce efoksi mai haɗi biyu. Wannan tana manne wa ƙarfe ƙam, tana kuma tare danshi, foti yana zama a kanta lafiya. Sharaɗinta a bar ta ta yi ƙarfi gwargwadon lokacin da takardarta ta faɗa, in kuma lokacin ya wuce a kurje ta da sanfefa kamar 180 kafin a shafa. Wanda ya ce da ka fara sa firaima, in efoksi yake nufi, shi ma bai yi ƙarya ba.

Shafa foti kai tsaye a kan tsurar ƙarfe ba laifi ba ne, yawancinsa ma domin haka aka yi shi. Ni ga yadda nake zaɓa. Lotsawa a ƙarfe mai lafiya, a tsakiyar ƙofa ko fenda, wadda zan goge in shafa in rufe da firaima a rana ɗaya, kai tsaye nake yi. Wurin da tsatsa ta taɓa ci, wurin da aka yi walda, ƙasan mota da ke shan feshin ruwan hanya, ko aikin da zai ɗauki kwanaki, efoksi nake fara sawa. Sai dai ka riƙe wannan: efoksi ba ta kashe tsatsa. Da ka fesa ta a kan abin da burushin waya ya bari, bororon zai fito, sai dai ya ɗan makara.

Haɗawa da shafawa

Juya fotin cikin gwangwani tukuna, domin ruwansa yana tasowa sama in ya zauna. Murza bututun hadina ma kafin ka buɗe. Ma'aunin da aka saba kashi 2 cikin 100 ne a nauyi, wato giram 2 na hadina ga giram 100 na foti. Ina ba duk mai koyo shawara ya auna da ɗan ƙaramin sikeli a farkon aikinsa har idonsa ya san launin haɗin da ya yi daidai. Hadina in ta yi yawa ragowarta tana tasowa ta ɓata fenti da tabo, musamman fari da ruwan azurfa, fotin kuma ya yi gautsi. In ta yi kaɗan ba ya ƙullewa har ciki. Ranar da ake zafi yana saurin kamawa, maganin shi ne ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, ba ka janye hadina ƙasa da abin da gwangwani ya yarda ba. Tina kuwa ba ta shiga foti ko ɗigo.

Kwali ba wajen haɗi ba ne, yana tsotse ruwan fotin. Nemi farantin roba ko na ƙarfe mai tsabta. Kada ka dama shi da zagaye, iska kake cusa masa, ita ce ƙananan hujin da za ka gani bayan guga. Danne shi ka ja, ka kwaso ka ninka, ka sake dannewa, har launi ya zama ɗaya ba zane. Minti 3 zuwa 5 kake da su.

Shafin farko shi ne mai riƙo. Ɗan kaɗan, a danne da ƙarfi har kana jin abin shafawar yana kankarar ƙarfe, domin fotin ya shiga cikin kowane kurji. Nan take kafin ya kama sai ka ƙara a kai, kana bin siffar ƙofar, ka ɗan ɗara tsayin da kake so. Da ka ji ya fara jan hannu yana dunƙulewa, tsaya, abin da ya rage a faranti ya tafi. Shafi biyu ko uku sirara, ana gogewa a tsakani, sun fi ɗaya mai kauri. A kan layin walda nakan fara da foti mai zaren faiba, ya fi jure danshi, sannan na gama-gari ya biyo. Amma ko shi ba a yi shi domin ya zama gada a kan rami ba.

Cikin minti 20 zuwa 30 yakan gogu in yanayi matsakaici ne. Gwada da farce a gefensa, inda ya fi siranta, domin nan ne yake makara.

Guga

A bushe ake goge foti. Ruwa bai halatta ya taɓa shi ba, wannan kuskure ɗaya ya isa ya kawo bororo ko da sauran aikin ya yi kyau. Naɗe sanfefa a doguwar katako mai miƙaƙƙiyar fuska, domin tafin hannu yana bin kwari ya ƙara masa zurfi. Fara da 80, kana tafiya a karkace, sau kaɗan ta dama sau kaɗan ta hagu, layukan suna gicciye juna. Barbaɗa baƙar hodar gwaji, ko ka yi ɗan feshin baƙin fenti sama-sama. Inda baƙin ya saura bayan guga kwari ne. Inda ƙarfe ya leƙo a tsakiyar foti tudu ne, ka dakata ka mayar da shi da guduma a hankali, in ka ci gaba da guga kewayensa kake rarakewa.

Da siffa ta fito sai ka koma 120, sannan 180, kowace lamba ta share sawun wadda ta gabace ta. Nan ne da yawa suke gajen haƙuri, su fesa firaima mai kauri a kan sawun 80 suna cewa za ta cike. Tana cikewa a ranar. Bayan makonni, in tinar da ke cikinta ta gama fita, sai ta tsuke ta faɗa cikin sawun, fenti ya bi ta. Wannan da gaɓar tsohon fenti su ne zagayen da kake gani a rana. Ƙananan huji a cike su da lallausan foti mai hadina, a goge da 180 zuwa 240. Jan fotin bututu da ba a sa masa hadina yana tsukewa sosai, bai dace da komai ba sai ɗan kurji.

Kada foti ya kwana a buɗe a waje. Rufe shi da firaima mai hadina, tsurar ƙarfen da ke kewaye kuma ta samu efoksi. Hawa biyu ko uku, ana ba kowanne lokacin shan iska, sannan a bar ta ta ƙulle sosai kafin a sake sa baƙar hoda a goge da 320, a ƙarasa da 400 zuwa 600 gwargwadon fentin da za a fesa. Ina roƙonka ka kula da ƙirjinka. Ƙurar foti tana son takunkumi na ƙwarai, hadinar firaima da ta fenti kuma tana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, wanda takunkumin takarda ba ya tarewa.

Ƙofar da ta dawo

Daga nesa nake magana, ƙofar ce za ta tabbatar maka. Sa bakin wuƙa ka fasa bororo ɗaya. Sau da yawa ɗigon ruwa mai launin ƙasa ne yake fara fitowa. Ɓamɓaro ɓallin fotin ka juya bayansa. In ka ga ja-ja a manne, tsatsa ce, ka duba ƙarfen da tocila ko ya huje. In bayansa fari ne sumul, ƙarfen ma ba tsatsa, riƙo ne bai samu ba, wato maiƙo ko santsi. In kuwa fotin yana nan daram, fenti ne kawai ya tashi daga kansa, to danshi ne ya shiga ta sama, daga guga da ruwa ko daga iskar kwamfiresa. Wajen tsagewar ma ka tona ka auna kaurin abin da ka ɗora, ka danna ƙarfen ka ji ko yana motsi.

Ko me ka tarar, tsohon fotin duka zai fita, ba a yin faci a kansa. Cire marfin cikin ƙofar ka leƙa ninkin ƙasa. In tsatsa ta kumbura ninkin daga wannan kusurwa zuwa waccan, gaya wa mai motar gaskiya: sauya fatar ƙofar ko ƙofar gaba ɗaya ya fi yi masa amfani. Duk abin da na faɗa kuma a kan fatar mota ne, ƙofa da fenda da murfi. Ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, da ƙarfen shasi, da dogarin ƙasan ƙofa, su ne suke kare mutanen ciki ranar hatsari. A motocin yanzu da ƙarfe mai tsananin ƙarfi ake yin su, wuta tana kashe masa wannan ƙarfin, gyaransu sai da injin jawo bodi da bin ƙa'idar kamfanin motar. Ɓoye lanƙwasarsu da foti wasa ne da rayukan mutane. Bambar roba ma tana da nata fotin mai lanƙwasuwa.

In ƙofar mai gyaruwa ce, bayan ka yanke ka walda, bayan facin ma yana son efoksi kamar gabansa, layin haɗin kuma a bi shi da man toshe haɗi. In fenti ya gama ƙullewa, fesa kakin kare tsatsa a cikin ƙofar har ya gangara cikin ninkin, sannan ka bi hujin fitar ruwan ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinken roba, ka tabbata foti ko kakin bai toshe ko ɗaya ba, kafin ka mayar da marfin ciki.